Kofi ɗaya mililita nawa ne, kuma me ya sa kek ke yin tauri bayan an juya ma'auni?

Tambaya: Ina da saitin kofunan awo da cokula, amma bayanan girkin da nake samu wasu da mililita ake rubuta su, wasu da kofi. Wani wuri na ga an ce kofi ɗaya mililita 250 ne, wani wuri 240, wani kuma 236. Wanne ne daidai? Sannan idan na juya ma'aunin, miya ba ta taɓa ba ni matsala, amma kek sau da yawa sai ya fito da tauri, ya bushe. Ina kuskuren yake?

Amsa: 'Yar'uwa, duka ukun daidai ne, kowanne a ƙasarsa. Kofin awo ba girmansa ɗaya ba a duniya, don haka kafin ki taɓa lissafi sai kin san abu biyu: kofin wace ƙasa mai bayanin girkin yake nufi, kuma kofin da ke hannunki nawa yake ɗauka. Amma tun yanzu ki sani, taurin kek ɗin nan da wuya a ce daga bambancin 240 da 250 ya fito. Yawanci daga yadda ake ɗibar fulawa ne, kuma za ki ga lissafinsa a ƙasa.

Kofin Amurka, wanda shi ne ya fi yawa a bayanan girki na intanet, mililita 236.6 yake ɗauka, ana taƙaita shi zuwa 237. A jikin kwalayen abinci kuwa, inda ake rubuta sinadaran da ke ciki, dokar Amurka ta ɗauki kofi a matsayin mililita 240, kuma masu ƙera kofuna da yawa wannan lambar suke bugawa a mariƙi. Ostiraliya da Niyu Zilan da Kanada suna amfani da kofi mai 250, wato kwatan lita cif. Japan 200 ne nasu. Kofin da ke zuwa tare da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki 180 ne. Akwai kuma tsohon kofin Birtaniya mai 284, wanda yanzu sai a tsofaffin littattafai ake cin karo da shi, domin masu girki a can sun koma giram da mililita.

Asalin saɓanin Amurka da Birtaniya daga galan yake. A ƙasashen biyu kofi kashi ɗaya ne cikin goma sha shida na galan. A 1824 Birtaniya ta yi dokar da ta kafa sabon galan, wanda a lissafin yau ya kama lita 4.546, ita kuwa Amurka ta ci gaba da tsohon da ta gada, mai lita 3.785. Ki raba kowanne gida 16, za ki sami 284 da 236.6. Wannan bambancin ya bi duk ma'aunan da ke ƙarƙashin galan: fayint, wato kofi biyu, na Amurka mililita 473 ne, na Birtaniya 568.

Yaya za ki gane kofin da ake nufi idan ba a faɗa ba? Dubi sauran bayanin. In an rubuta zafin oben da lambobi irin 350 ko 375, an kuma ƙirga bota da sanda, wato dogon yankan da ake sayar da ita a can, to daga Amurka yake, ki ɗauki kofi a 237 ko 240. In zafin 180 ne, bota da giram, amma fulawa da madara da kofi, mafi yawa daga Ostiraliya ko Niyu Zilan yake, kofin 250. In kika ga dl, wannan desilita ce, mililita 100, ma'aunin da aka saba da shi a Suwidin da Nowe da Finlan. Faransawa kuma suna son cl, santilita, mililita 10, don haka 25 cl daidai yake da 250. Alamar cc da ake gani a bayanan Japan daidai take da mililita, babu wani juyi.

Shi ma kofinki kada ki yarda da abin da aka rubuta a jikinsa sai kin gwada. Masu araha da yawa suna kaucewa da mililita goma ko fiye. Gwajin ba wuya, domin mililita ɗaya ta ruwa nauyinta giram ɗaya ne. Ɗora kofin babu komai a kan sikelin kicin, danna maɓallin da ke mayar da shi sifiri, sannan ki zuba ruwa a hankali har ya zo daidai da baki ba tare da ya yi tudu ba. Lambar da ta fito a giram ita ce girman kofin a mililita. Na cokali kuwa, tunda sikeli ba ya kama ƙaramin nauyi da kyau, ki auna cokali goma na ruwa a cikin kofi ɗaya, ki raba abin da ya fito gida goma. Sirinji mai lamba ma yana yi. Sau ɗaya ake wannan aikin, sai ki rubuta sakamakon a kan salatif ki manna a ƙasan kofin.

Yanzu ga lissafin kansa. Daga kofi zuwa mililita ninkawa ake yi, daga mililita zuwa kofi kuma rabawa. A girkin yau da kullum ni 240 nake ba da shawara a riƙe ga bayanan Amurka. Tsakaninsa da 236.6 bai kai ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma yana rabuwa ba saura: rabin kofi 120, sulusi 80, kwata 60, kashi biyu cikin uku 160, kwata uku 180, kashi ɗaya cikin takwas 30. Ga kofin 250 kuwa rabi 125 ne, sulusi wajen 83, kwata 62.5, kashi biyu cikin uku 167, kwata uku 187.5. Babban cokalin awo mililita 15 ne, ƙarami 5, ƙarami uku ke yin babba ɗaya, babba 16 kuma ke cika kofin Amurka. Ainihin lambobin Amurka 14.8 da 4.9 ne, amma ba hannun da zai iya bambanta su da 15 da 5.

Juyawa ta ɗaya gefen ta fi ba mutane wahala, saboda mililita ba ta faɗawa daidai kan rabi ko kwata. Dabarar ita ce ki cire kofi mafi kusa, abin da ya rage ki cike shi da cokali. Misali an ce madara mililita 200, kofinki na Amurka ne. Kwata uku na kofin 177 ne, saura 23, wato babban cokali ɗaya da rabi. Mililita 100 sulusin kofi ne da babban cokali ɗaya da ƙarami ɗaya. Mililita 150 rabin kofi ne da babban cokali biyu. Mililita 250 kofi ɗaya ne da babban cokali ɗaya wanda bai cika sosai ba. Mililita 300 kofi ɗaya da kwata, 350 kofi ɗaya da rabi, 400 kofi ɗaya da kashi biyu cikin uku. Waɗannan ukun duk suna kaucewa da kusan ƙaramin cokali ɗaya, abin da ba zai dame ki ba. Rabin lita kofi biyu ne da babban cokali biyu. Lita ɗaya kofi huɗu ne da babban cokali uku da ƙarami biyu. In kofinki na 250 ne kin huta, lita kofi huɗu ce cif. Gaskiya dai, mai yawan girki da bayanan mililita ta sayi jug ɗin awo mai lambobi a jiki, ya fi mata wannan ƙirge-ƙirgen.

Abin lura a nan shi ne bambancin kofin 237 da na 250 mililita 13 ne kawai, tsakanin kashi biyar da shida cikin ɗari. A miya ko romo ko shayi wannan ba komai ba ne, ruwan da zai ƙafe a kan wuta cikin 'yan mintuna ya fi shi yawa, kuma kina ɗanɗanawa kina gyarawa. Shi ya sa miyarki ba ta taɓa ba ki matsala ba. Ko a kek ma, in duk kayan haɗin da kofi aka rubuta su kuma kofi ɗaya kika yi amfani da shi daga farko har ƙarshe, komai zai ƙaru ko ya ragu tare, kwaɓin ya zauna daidai. Matsala tana shigowa ne idan aka gauraya ma'auni: madara da jug, fulawa da kofi, bota da giram, ƙwai da ƙirga. Ƙwai ba ya girma don kofinki ya fi na mai bayanin girma.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Bayanin kek daga Amurka ya ce fulawa kofi 3, madara kofi 1. Kin juya madarar zuwa mililita 237, kin auna ta da jug, ta fito daidai. Mai bayanin, in cokali ya sa ya cika kofinsa sannan ya shafe, kowane kofi nasa wajen giram 125 ne, jimla 375. Ke kuma kofinki na 250 ne. Da kin cika shi kamar yadda ya cika nasa, kowanne zai ba ki wajen giram 132, jimla 396, ƙarin giram 21 ke nan, wanda kek zai iya jurewa. Amma idan kika tsoma kofin cikin buhun fulawa kika ɗebo, bakin kofin yana danna fulawar yana korar iskar da ke cikinta. Kofin Amurka da aka ɗebo haka yana kai giram 145, na 250 kuwa wajen 153. Sau uku ya zama kusan 460. Kin ga an sami ƙarin giram 85 a kan abin da aka nufa, kusan kashi biyu cikin uku na kofi, alhali madara da ƙwai da bota suna nan yadda suke. A cikin wannan ƙarin, girman kofi kwata kawai ya jawo, ragowar daga hannu ne. Fulawar da ta yi yawa tana shanye ruwan kwaɓi, kwaɓin ya yi kauri, sai ki ƙara juyawa don ya haɗu, yawan juyawar kuma ya tayar da danƙon fulawa. Sakamakon shi ne kek mai nauyi, samansa ya yi tudu ya tsage, cikinsa ya bushe washegari.

Dalilin duk wannan shi ne mililita da kofi wuri suke aunawa, wato gurbin da abu ya cike, giram kuma nauyi yake aunawa. Ruwa ba ya dannuwa, don haka kofinsa kullum ɗaya ne. Gari kuwa rabinsa kusan iska ne, yawan da zai shiga kofi ya dogara da yadda aka zuba shi, da daɗewar da ya yi a ajiye yana zaunawa, da damshin iska. In dole da kofi za ki auna fulawa, ga yadda ake yi: ki motsa ta a mazubinta da cokali ta saki, ki riƙa ɗiba da cokalin kina zubawa a kofi har ta wuce baki, kada ki girgiza, kada ki buga kofin a kan tebur, sannan ki sa bayan wuƙa ki shafe saman sau ɗaya. Haka za ki riƙa samun giram 120 zuwa 130 a kofin Amurka kowane lokaci.

A nan ne kuma mutane da yawa ke faɗawa wani ramin, su ɗauka tunda kofin ruwa giram 237 ne, to kofin komai ma haka ne. Wanda ya ga fulawa kofi ɗaya ya auna giram 240 a sikeli ya ninka fulawar kusan sau biyu. Kowane abu da nauyinsa. A kofin Amurka, farin sukari giram 200 ne. Sukari mai ruwan ƙasa, wanda ake dannawa a kofi har ya fito da siffarsa idan an kifar, wajen 215 zuwa 220. Garin sukari na ado wajen 120. Bota 227, kuma sandar bota ɗaya ta Amurka rabin kofi ce, giram 113, babban cokali takwas. Man girki ya fi ruwa sauƙi, mililita ɗaya wajen giram 0.92, don haka kofinsa wajen 218 ne. Madara ta ɗan fi ruwa nauyi, wajen 244. Zuma ta fi su duka, wajen 340. Ɗanyar shinkafa tsakanin 185 da 200 gwargwadon irinta, garin koko tsakanin 85 da 100. In da kofin 250 aka rubuta bayanin, ki ƙara kashi biyar zuwa shida cikin ɗari a kan kowace lamba: sukari ya koma wajen 210, bota wajen 240.

Manhajojin juya ma'auni da ke waya suna da amfani ga ruwa da madara da mai. Amma in kika rubuta kofi zuwa giram ba ta tambaye ki na mene ne ba, lissafin ruwa take yi miki, ki bar ta. Da yawansu kuma kofin Amurka suke ɗauka ba tare da sun faɗa ba.

Cokali ya fi kofi haɗari, domin abubuwan da ake aunawa da shi masu ƙarfi ne: gishiri, yis, bekin foda, bekin soda. Babban cokalin Ostiraliya mililita 20 ne, ƙaramin cokali huɗu ke nan, saɓanin 15 na sauran ƙasashe. Idan bayanin daga can yake kika auna da naki mai 15, kin rage kwatan abin da ake so, kek ba zai tashi sosai ba. Idan kuma saitin cokulanki na can ne, bayanin na Amurka, kin ƙara sulusi. Bekin foda da ya yi yawa yana sa kek ya kumbura da sauri, ya faɗa a tsakiya kafin ya nuna, bekin soda da ya yi yawa kuma yana barin ɗanɗano kamar na sabulu, ya sa cikin kek ya yi duhu. Hanyar kauce wa wannan ita ce a mayar da babban cokali zuwa ƙanana, tunda ƙarami 5 ne a ko'ina: uku ga bayanin Amurka ko Birtaniya, huɗu ga na Ostiraliya. Ki kuma lura da gajerun alamomi. Tbsp ko babban T babban cokali ne, tsp ko ƙaramin t ƙarami ne, kuma rikita su ninki uku ne, wanda a gishiri ba ya gyaruwa.

Gishirin kansa ba iri ɗaya ba ne a cokali. Mai laushi ƙaramin cokalinsa wajen giram 6 ne, mai manyan ɓarɓashi kuwa wani irinsa rabin haka yake bayarwa, saboda iskar da ke tsakanin ƙwayoyinsa. In bayanin da mai ɓarɓashi aka yi shi, ke kuma mai laushi gare ki, fara da rabi, ɗanɗana, sannan ki ƙara. Busasshen yis kuwa ƙaramin fakitinsa giram 7 ne, ƙaramin cokali biyu da kwata. Duk ma'aunin cokali a shafe ake nufi, sai in an ce a cika shi ya yi tozo. Cokulan cin abinci da na shan shayi da ke cikin kwando ba ma'auni ba ne. Ƙananansu suna kamawa daga wajen mililita 2.5 har sama da 7. Wannan ya fi muhimmanci ga magani fiye da girki, shi magani da sirinji ko murfin da ya zo da shi ake auna shi. Haka kofin shan shayi: ƙanana suna ɗaukar 150 zuwa 200, manyan masu mariƙi 300 zuwa 350.

Burodi ya fi kek nuna bambancin kofi a fili, saboda ruwa da fulawa ne kusan duka jikinsa. Ɗauki fulawa giram 500, bayani ya ce ruwa kofi ɗaya da sulusi. Da kofin Amurka mililita 315 ne, wato ruwan kashi 63 cikin ɗari na nauyin fulawar, kwaɓi mai ɗan ƙarfi, mai daɗin murzawa. Da kofin 250 ya zama 333, kashi 67, ya ɗan fi laushi amma yana aikatuwa. Da tsohon kofin Birtaniya ya kai wajen 379, kashi 76, kwaɓin da zai manne a hannu ya baje a faranti. Abin da masu gasa burodi ke yi shi ne su riƙe babban cokali biyu ko uku na ruwan, su haɗa kwaɓin, su bar shi minti goma fulawa ta sha, sannan su duba ko yana buƙatar ragowar. Fulawa ma kowace iri da yadda take shan ruwa, don haka ko lissafi ya yi daidai sai an duba da hannu.

Tukunyar shinkafa ta lantarki na da nata tarkon. Layukan da ke cikinta, 2, 3, 4, an yi su ne bisa ƙaramin kofinta mai 180, wanda ke ɗaukar wajen giram 150 na shinkafa. In kofin ya ɓata kika ɗauki na 250 kika auna uku, kin zuba mililita 750 na shinkafa a maimakon 540. Sannan da kika cika ruwa zuwa layi na 3, shinkafar da ta ƙaru ta riga ta cinye gurbin ruwan, sai ruwan ya ragu ta fuska biyu, shinkafa ta fito da tsatstsaura. Kwata uku na kofin Amurka, mililita 177, shi ne madadinsa.

Akwai kuma oza, wadda ke rikita ko waɗanda suka daɗe a girki, domin iri biyu ce. Idan an rubuta fl oz, ta ruwa ce, wuri take aunawa: ta Amurka mililita 29.6, ana ɗaukarta 30, takwas ke cika kofi; ta Birtaniya 28.4. Idan oz ce kawai a gaban busasshen abu, nauyi ne, giram 28.35. Fulawa oza takwas giram 227 ce, kusan kofi biyu, alhali layin 8 a jikin jug kofi ɗaya yake nunawa. Mai auna fulawa da wannan layin ya zuba kusan rabin abin da ake bukata.

Kofin busassun kaya da jug ɗin ruwa awonsu ɗaya, ƙirarsu ce ta bambanta. Na busassu ana cika shi har baki don a shafe, in kika sa masa ruwa sai ya zube kafin ki kai tukunya, ko ki ƙi cika shi don tsoron zubewa, ki rage. Jug kuwa yana da sarari a saman layi, ba kuma yadda za a shafe gari a cikinsa sai an girgiza, girgizar kuma ta danne shi. Wajen karanta jug, ajiye shi a kan tebur mai daidai, ki sunkuya idonki ya zo daidai da layin. Ruwa yana ɗan hawa jikin gilashi ta gefe ya lotsa a tsakiya, ƙasan lotsawar ake karantawa. Kallo daga sama yana yaudara, kuma a jug mai faɗin baki kaucewar da ba ta fi kaurin layin ba tana iya kai mililita goma ko fiye. Don haka ƙaramin adadi, kamar 50 ko 60, ya fi kyau a auna shi da cokali ko ƙaramin kofi mai siririn jiki. Abu mai danƙo kamar zuma yana barin kusan cokali guda a jikin kofi. Ki shafa wa kofin ɗan mai tukuna, ko in akwai mai a cikin kayan haɗin ki fara auna shi, zumar za ta sulale gaba ɗaya.

Yadda aka jera kalmomi a bayanin ma yana canja adadi. In an ce kofi ɗaya na tankaɗaɗɗiyar fulawa, tankaɗewa ake fara yi sannan a auna, kuma wannan ya fi sauƙi, wajen giram 110 zuwa 115. In an ce fulawa kofi ɗaya, a tankaɗe, awo ne farko. Haka yankakken abu da wanda ba a yanka ba, haka ɗanyar shinkafa da dafaffiya, wadda ke kai kusan ninki uku, haka kirim, wanda ke ninka kansa idan an buga shi. Kuma haɗa abu biyu ba ya nufin haɗa lambobinsu: sukari kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya idan suka narke wajen kofi ɗaya da rabi suke bayarwa, saboda iskar da ke tsakanin ƙwayoyin sukari ta fita.

Wajen ragewa ko ninka girki, ki yi lissafin da mililita ko cokali, ki bar taƙaita lamba sai a ƙarshe. Rabin kwata uku na kofi babban cokali shida ne. Rabin sulusi babban cokali biyu da ƙarami biyu. Rabin kwata babban cokali biyu. Rabin babban cokali ƙarami ɗaya da rabi. Ɗan bambancin da aka yi watsi da shi a kofi ɗaya yana taruwa idan an ninka: a kofi takwas, tsakanin na Amurka da na 250 akwai mililita 107, kusan rabin kofi. Mai girkin taro ko na sayarwa ba ta da dalilin ci gaba da ƙirga kofuna, sikeli ya fi sauri, ya kuma rage wanke-wanke, tunda a kwano ɗaya ake zuba komai ana mayar da shi sifiri bayan kowane abu.

Game da kek ɗinki, a gashi na gaba ki auna fulawa yadda kika saba, amma kafin ki zuba ta a kwaɓi ki ɗora ta a sikeli ki ga nawa kofinki ke bayarwa. In ya wuce giram 135 a kofin Amurka ko 140 a na 250, ki rage zuwa 125 a kan kowane kofi da bayanin Amurka ya ambata, ki rubuta giram ɗin a gefen takardar don kada ki sake lissafi. In ba sikeli, cika kofin da cokali ki shafe, kuma in naki na 250 ne ki cire babban cokali ɗaya daga kowane kofi. Kwaɓin kek na bota da ya yi daidai yana saukowa daga cokali da kansa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku idan kin karkata shi. In sai kin girgiza yake faɗowa, ƙara madara babban cokali ɗaya, juya a hankali, ki sake gwadawa, har zuwa cokali uku.